Jirgin Surukina da Jar Igiya

Tsufa ya share mini abubuwa da yawa daga kai, har da sunayen wasu abokan da muka ci tuwo a kwano ɗaya. Amma kwana ukun da na yi a bakin dam ina fama da injin jirgin ruwan surukina, wannan kam ba zai bar ni ba sai ranar da aka kai ni makwancina. Har yau in na ga jar igiya, ko da a wuyan akuya ce, sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

A wajen tsakiyar shekarun tamanin ne. Ni bakanike ne a Funtuwa, ina da 'yar rumfata a bakin hanyar Dandume, ina gyaran babur da injin niƙa da injin ban-ruwa na masu lambu. Kuma maganar gaskiya, na iya aikina. Inda matsalar take shi ne na san na iya, kuma ban bar kowa cikin duhu ba. Nakan ce wa mutane duk abin da ke shan fetur a ƙasar nan, in ya ji takuna dole ya tashi. Na faɗi wannan magana a teburin mai shayi, na faɗe ta a gidan suna, har ta yi tafiya ta isa kunnen da bai kamata ta isa ba.

Wannan kunne na surukina ne, wani Alhaji babban manomin auduga a wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Ƙarfi. Dogo ne, mai jiki, mai magana ɗaya. Bai hana ni 'yarsa ba, amma bai taɓa yarda cewa kanikanci sana'a ce ba. A wurinsa namiji ko dai ya yi noma, ko fatauci, ko karatu. Wanda zai yini a tsugune gaban babur da baƙin mai har gwiwar hannu, wasan yara ne bai gama ba. Bai taɓa faɗa mini haka da bakinsa ba, don tsakanina da shi babu doguwar magana. In na je, sai in cire takalmi tun daga ƙofar zaure, in durƙusa, in kafa ido a kan tabarma, in gaishe shi, ya amsa, shi ke nan. Ba na cin abinci a gabansa, ba na yi masa tambaya, balle gardama. Haka muka taso muka ga ana yi da suruki, ni kuma har na fi wasu zaƙewa.

A shekarar nan matata ta tafi gida goyon ciki, ta haifa mana 'ya mace, ta fari. Aka yi suna, ta yi wankan jego, arba'in ta cika. Na share ɗaki, na yi masa farar ƙasa, na zauna jira. Shiru. Aka yi kwana hamsin, aka yi sittin. Duk Juma'a sai in hau babur in je, a ce mini Alhaji ya ce a ƙara haƙuri. Ni kuwa kewar matata ta ishe ni, ga 'yar jaririyar da ko ɗaukarta ban yi na ƙoshi ba, ga tuwon kasuwa ya fara fita mini a rai. Amma wa zai buɗe baki ya ce wa suruki ya ba shi matarsa?

Wata Juma'a, ina zaune a ƙaramin zauren cikin gida, matata ta fito da jaririyar, ta zauna nesa kaɗan, tana ta murmushi ita kaɗai.

Na ce, "Lafiya kike dariya?"

Ta ce, "Baba ya sayi jirgin ruwa."

Na ɗauka zolaya ce. Ashe gaskiya ne. 'Yan shekaru kafin nan an yi dam a gefen garin, ruwan ya raba Alhaji da lambunsa da ke ɗaya hayin, sai ya yi zagaye mai nisa kafin ya isa. To akwai wani Bature injiniya da ya yi aiki a wurin, yana da ɗan ƙaramin jirgi na mutum biyu mai inji a baya, wanda yake shan iska da shi ranar Lahadi. Da zai koma ƙasarsu ya yi gwanjon kayansa, Alhaji ya sayi jirgin. Ranar cinikin Baturen ya tada injin a gaban kowa, ya zaga da Alhaji cikin ruwa, suka dawo, ya kashe. Washegari ya tafi. Tun daga ranar jirgin bai sake ko tari ba, yau mako uku ke nan, kuma mutanen gari sun fara kiransa kwamin shayar da shanu.

Ta rage murya ta ce, "Na ji yana ce wa Inna, ai ga wanda ke cewa komai ya ji takunsa tashi yake. Ya zo ya taka mu gani. In ya tada shi, ya ɗauki iyalinsa."

Na ce, "Wannan ne kawai? Ki fara ɗaure kaya."

Ta dube ni ta ce, "Ka taɓa ganin injin jirgin ruwa kuwa?"

Na ce, "Inji ai inji ne."

Ban taɓa gani ba. Ko kwale-kwale ban taɓa shiga ba, kuma ban iya iyo ba. Amma a lokacin ina da shekara ashirin da bakwai, bakina kuma ya fi ƙafata sauri.

Ranar Asabar da hantsi na iso bakin dam da akwatin kayan aikina ɗaure a bayan babur. Na tarar labari ya riga ni. Masunta sun bar gyaran raga, masu wanki sun bar wanki, har da wasu dattawa da suka zo da buzayensu suka shimfiɗa a gindin wata ɗorawa. Alhaji na tsakiyarsu a kan kujera, kusa da shi Sarkin masunta, abokinsa tun na ƙuruciya. Na je na durƙusa na gaishe su. Alhaji ya nuna jirgin da haɓa, ya ce, "Ga shi nan."

Jirgin fari ne, rabinsa a ruwa rabinsa a tudu. Na naɗe wando, na buɗe murfin injin, sai na ji hankalina ya kwanta, don cikinsa bai bambanta da na babur sosai ba. Na fara daga inda kowane bakanike ke farawa. Na leƙa tanki, akwai mai. Na shinshina, na ga ya kwana biyu, na zubar na zuba sabo, na haɗa shi da baƙin mai yadda ake yi wa ƙaramin babur. Na matsa ɗan ƙullutun robar da ke jikin tiyo har ya yi tauri, na ja cok mai rage wa inji iska, na kama igiyar tayarwa irin ta janareto, na waiwaya na dubi jama'a don kowa ya shaida, na fizga.

Injin ya ce fut, ya yi shiru.

Na fizga sau goma. Na fizga sau talatin. Kafin azahar kafaɗata ta dama ta daina amsa mini, na koma fizga da hagu. Na kwance fulogi, na goge, na ƙona shi da fetur, na mayar. Na sauke kafireto na wanke kowane rami, na hura da baki har na sha mai. Da la'asar wani dattijo ya naɗe buzunsa, ya zo wucewa ya ce, "Malam bakanike, ko bai ji takun ba ne? Ƙara taka ƙasa da ƙarfi." Aka bushe da dariya. Alhaji bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi ci mini rai.

A rana ta biyu na gano cewa wuta ce ba ta zuwa. Na ɗora fulogi a jikin ƙarfe na fizga, ko ƙyalli babu. Sai na ce kwayil ne, wato abin da ke ba fulogi wuta. Na hau babur na je Malumfashi, na zaga masu sayar da kayan gyara, na samo wanda ya yi kama, na dawo na ɗaura. Babu wuta. Na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, na kankare bakinsu, na mayar. Babu wuta. Kafin yamma na baje rabin injin a kan buhu, ni kaina na fara tsoron ko zan iya mayar da shi yadda yake.

A nan ne wata mata ta tsaya a kaina. 'Yar kudu ce, Kirista, matar wani ma'aikacin jirgin ƙasa a Funtuwa, takan zo dam sarin kifi ta kai kasuwa. Kowa Madam yake ce mata. Ta daɗe a cikinmu, Hausa a bakinta kamar ta gado. Ta aje kwandonta, ta leƙa injin, ta leƙa cikin jirgin, ta ce, "Malam, ina jar igiyar?"

Ban ko ɗaga kai ba. Na ce, "Madam, kifi na can wajen masunta."

Ta ce, "Ni a bakin ruwa aka haife ni. Babana da irin wannan injin ya ciyar da mu. In babu jar igiya, ko shekara za ka yi ba zai tashi ba."

Na ce, "Inji da wuta da mai yake tashi, ba da igiya ba. Ba akuya ba ne."

Ta ɗauki kwandonta ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Ta tafi abinta. Yanzu in na tuna wannan amsa tawa, sai in ji kamar in koma baya in ja kunnen yaron nan. Mai sani ta zo har inda nake ta miƙo mini maganin, na kore ta don tana ƙarnin kifi, ni kuma ina warin fetur, wai na fi ta.

A rana ta uku na yi sammako na mayar da komai wurinsa. Ina cikin bin wata siririyar waya da ban kula da ita ba a baya, sai na ga ta ƙare a jikin wani ɗan maɓalli kusa da mariƙin tuƙi. A wuyan maɓallin akwai ɗan tsagi da ya yi sumul, alamar wani abu ya saba zama a wurin. Na sa farce na ɗago maɓallin, na ji yana ja da baya. Nan take na tuna maganar jar igiya. Na ajiye girman kai a cikin akwatin sifana, na tafi neman Madam a cikin masunta.

Ba ta yi mini gori ba, kuma da ta yi da na fi jin sauƙi. Ta zana mini a ƙasa da tsinke. Ta ce jar igiya ce doguwa, a bakinta akwai wata baƙar roba mai baki biyu kamar 'yar gwafa. Robar ake cusawa a wuyan maɓallin ta riƙe shi a ɗage, sannan wuta ta zo. Ɗaya bakin igiyar kuma mai tuƙi ke ɗaurawa a hannunsa. In ya faɗa ruwa, igiyar ta fizge robar, injin ya mutu nan take.

Ta ce, "Shi ne makullin jirgin, kuma shi ne mai tsaron ran mai shi. Ka nemo ta."

Na duba cikin jirgi, na duba ƙarƙashin kujera, na tona yashin da ke kewaye. Babu. Ina cikin haka Alhaji ya iso da Sarkin masunta. Ranar haƙurinsa ya ƙare, ya ce shi da kansa zai leƙa ya ga abin da nake yi kwana uku. Ya tattara babbar rigarsa ya aza a kafaɗa, ya ɗage taguwa don kada ta jiƙe, ya tako cikin ruwa har inda nake durƙushe. Ni dama idona ba ya wuce ƙasa in yana kusa, to ranar sai ƙasa ta zama ruwa, na ɗan ɗago kaɗan. Abin da na gani ya sa sifana ta suɓuce daga hannuna.

Jar igiya ce zure a wandon surukina. Ita ce mazaginsa. Ga baƙar robar nan mai baki biyu tana lilo a gabansa, tazarar taƙi ɗaya daga hancina.

Sarkin masunta ma ya gani. Da yake abokin wasansa ne tun suna yara, ya ce, "Kai Alhaji, mazagi har da ja? Ko angwanci za a sake?"

Alhaji ya ce, "Bar ni kai dai. Baturen nan mutumin kirki ne. Da muka gama ciniki ya zaro ta ya damƙa mini a hannu, yana ta surutu da Turanci. Na ce ashe su ma sun san gyara. Wallahi tunda nake ban taɓa samun mazagi mai ƙwari irin wannan ba."

Ka ji fa. A wurinmu in ka yi sayayya mai nauyi, mai kaya ya ɗora maka ɗan wani abu a kai, gyara ce, sai ka yi godiya ka sa a aljihu. Bawan Allah ya miƙa masa makullin jirgi, shi kuma ya karɓa a matsayin gyara, ya ga igiya ce mai kyau, ya nema mata aikin da ya dace da ita.

Da suka koma gindin ɗorawa, na lallaɓa wurin Madam, na raɗa mata. Ta yi dariya har sai da ta zauna a kan kwandonta. Da ta samu numfashi ta ce, "To ai an gama. Je ka gaya masa."

Na ce, "Madam, surukina ne fa. In je gaban dattawan gari in ce, Baba, kwance wandonka?"

"To ka ja shi gefe."

"In ja shi gefe in ce masa me? In ce ina kallon ƙugunsa?"

"To ni bari in faɗa masa."

Na ce, "Don girman Allah ki rufa mini asiri. In mace ta faɗa, ai gara a kashe shi."

Duk abin da na faɗa mata gaskiya ne, kunya ta kama ni har wuya. Amma yau da gemuna ya yi fari zan faɗi ragowar gaskiyar. Ba kunya ce kaɗai ba. In aka ce igiya ce matsalar, kuma mai kifi ce ta gano, to kwana ukun da na yi ina baje inji sun zama abin dariya har abada. Ina so a ce ni na tada shi da hannuna da basirata. Sai na fake da kunya, don ita ba a zargin mai yin ta.

Na cire silifata ta hagu, na sa reza na yanko ɗan guntu daga dunduniyar, na tsaga masa baki biyu. Madam na kallona. Ta daina dariya, ta ce, "Malam, zai tashi. Amma in ya tashi da wannan, babu abin da zai kashe shi in mutum ya faɗi. Kada ka bari kowa ya hau."

Na ce, "Gwaji kawai zan yi."

Na cusa guntun silifa a wuyan maɓallin, na rufe shi da jikina, na yi bisimilla, na fizga sau ɗaya. Injin ya yi ruri, hayaƙi ya tashi, ruwa ya fara tafasa a bayansa. Jama'a suka ɗauki kabbara. Dattijon nan mai zolaya ya ce, "Ya ji takun! Wallahi ya ji!" Ni kuwa na tsaya da silifa ɗaya da rabi, na goge hannu da tsumma a hankali, kamar abin bai dame ni ba. Daɗin da na ji a wannan minti, ban ɓoye ba, ya kai daɗin ranar aurena.

Sai Alhaji ya miƙe. Ya saki babbar rigarsa, ya gyara hula, ya ce a tura masa jirgin, zai je ya duba lambunsa.

A nan ne ya kamata in yi magana. Madam ta kafe ni da ido daga nesa, tana girgiza kai. Na buɗe baki na ce, "Baba..." Ya juyo ya dube ni, karo na farko da ya dube ni da fara'a tun da na auri 'yarsa, ya ce, "Na'am?" Sai na ji kaina na ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Ya shiga shi kaɗai. Bai zauna ba, don ya ga Baturen wani lokaci a tsaye yake tuƙi. Masunta suka juya masa jirgin, ya sa giya kamar yadda aka nuna masa, jirgin ya fara tafiya a hankali, ya yi kamar taku ashirin daga gaɓa. Alhaji ya ɗaga wa jama'a hannu ɗaya. Da ɗaya hannun kuma ya murɗa totur har ƙarshe.

Jirgin ya ɗaga hanci ya zabura. Alhaji bai bi shi ba. Muka ga tafin ƙafafunsa biyu a sama, sannan muka ji tamfatsetsen faɗuwa. Babbar rigar ta baje a kan ruwa, hula ta kama gabanta. Wasu har sun fara dariya, amma dariyar ta yanke, don jirgin bai mutu ba. Mariƙin tuƙin ya karkace gefe ɗaya, jirgin ya yi kwana, ya fara zagaye ba kowa a ciki, yana dawowa daidai inda kan Alhaji ke ɓullowa yana nutsewa, farfela na yankan ruwa a bayansa. Abin da aka yi don ya kashe shi yana can ƙarƙashin ruwa, yana riƙe da wando.

Ban yi shawara ba. Na tsinci kaina a cikin ruwa, ya kai mini ƙugu, ya kai ƙirji, ya kai haɓa. Sai a lokacin na tuna ban iya iyo ba, amma hannuna ya riga ya kama gefen rigar. Na kafa ƙafa a laka na ja da duk ƙarfin da igiyar tayarwa ta bar mini. Muka yi baya tare, muka nutse tare, muka ɗago tare, jirgin ya wuce ta inda yake ɗazu, iskar wucewarsa ta watsa mana ruwa a fuska. Masunta biyu suka iso suka ja mu zuwa inda ruwa ya tsaya a ƙugu. Jirgin ya ƙara zagaye ɗaya, ya bugi wani kututture, ya miƙe sak ya haye dam ɗin, ya je ya kafe hancinsa a lambun Alhaji, cikin tumatir. Ya dai kai ziyarar, mai lambun ne bai samu zuwa ba.

Muna tsaye a ruwa ni da shi, yana tari. Na ga yadda saura ƙiris in mayar da matata marainiya saboda guntun silifa. Kunyar da ta ɗaure mini baki tun hantsi sai na neme ta na rasa. Na matsa kusa da kunnensa na ce, "Baba, laifina ne. Jar igiyar nan ta mazaginka ba gyara ba ce, makullin jirgin ce. A hannu ake ɗaura ta, in mutum ya faɗi ta kashe injin. Ni na yi dabara da silifa don kada in faɗa maka. Kuma ba ni na gano ba, Madam mai kifi ce."

Ya daina tari. Ya sunkuya ya dubi ƙugunsa, ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Tun yaushe ka sani?"

Na ce, "Tun hantsi."

Ya ce, "Wato ka gwammace in nutse da ka ce in sake mazagi."

Ya fita daga ruwan, rigar na zuba, ya ce wa Sarkin masunta ya ba shi igiyar rama. Ya zaga bayan ɗorawa, ya jima kaɗan, ya dawo riƙe da jar igiya. A gaban kowa ya ɗaga ta sama ya ce, "Jama'a, ga makullin jirgi. Mako uku yana ƙuguna." Sarkin masunta ne ya fara faɗuwa ƙasa, sauran suka bi. Har Alhaji sai da kafaɗunsa suka motsa. Ya sa aka kira Madam, ya yi mata godiya, ya ce daga ranar in ta zo sarin kifi ta biya lambu ta ɗebi abin miya.

Bayan la'asar aka aiko in je zaure. Na tafi ba takalmi, don silifar ma ruwa ya tafi da ita, kuma na riga na sallama cewa matata sai wata shekarar. Na durƙusa a inda na saba. Akwai kwanon tuwo a gabansa. Ya turo shi tsakiya ya ce, "Matso, sa hannu."

Na ce, "Baba, na ƙoshi."

Ya ce, "Wannan na ƙoshin ne ya jefa ni ruwa. Sa hannu."

Na sa hannu. Muna cikin ci ya ce, "Yau na ga mutum biyu a riga ɗaya. Ɗaya ya ga abin da zai halaka ni ya yi shiru, wai yana jin kunyata. Ɗaya kuma bai iya ruwa ba ya faɗa saboda ni, ya kuma faɗi laifinsa ba a tambaye shi ba. To wanne zan ba wa 'yata da jikata?"

Na ce, "Na biyun, Baba."

Ya ce, "To ka bar na farkon a dam."

Washegari da hantsi aka ɗora kayan matata a motar kasuwa, ni ina biye a babur. A hanya duk lokacin da ta waiwayo ta gan ni sai ta rufe baki da mayafi, kuma har muka tsufa in na fara cika baki a gida, ba ta cewa komai sai, "Inji ai inji ne." Jirgin ya yi wa Alhaji aiki shekaru, kullum a zaune yake tuƙi, da jar igiya ɗaure a hannu.

Na ci gaba da girmama shi har ya bar duniya, ina cire takalmi, ina durƙusawa. Amma daga ranar na gane cewa shirun da zai bar mutum ya cutu ba ladabi ba ne, ko da an sa masa sunan kunya, kuma sau da yawa girman kai ne ya ɓuya a bayanta. Yanzu ni ma ina da surukai uku. Duk wanda ya fara zuwa gaishe ni, ya kafa ido a tabarma, nakan ce masa ya ɗago ya dube ni, in ya ga wani abu a jikina da bai zauna daidai ba ya faɗa tun muna kan tudu.